Kurege da Garwashin Sarauniya

Ga ta nan ta taso, ga ta nan ta iso ƙofarku. Mai cewa ta zo ya ce, wanda bakinsa ke cike da tuwo ya gyaɗa kai kawai, na karɓa.

A wani daji da ban taɓa zuwa ba, kuma ba na fatan zuwa, an yi wani kurege ana ce masa Tunau. Ɗan firit ne, in ka cire wutsiya babu abin da ya rage sai ciki da baki. Kada ku dube ni kuna murmushi, na san tsawona, kuma ni ma an sha ce mini bakina ya fi ni girma. Shi Tunau yana zaune ne da tsohuwarsa, Inna Tabawa, a gindin wata tsamiya. Suna da 'yar gona da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma gyaɗa suke shukawa, ita ce cinsu ita ce shansu.

Kowace kaka Inna Tabawa takan tsince gyaɗar da ta fi cika, ta zuba a tulu, ta barbaɗa toka saboda ƙwaro, ta liƙe bakin da laka. Wannan shi ne iri. Ko yunwa za ta kwantar da gida ba a taɓa shi, don wanda ya ci iri ba abincin yau ya ci ba, na baɗi ya ci. To, a bazarar nan abinci ya ƙare da wuri, Tunau kuwa ya huda gindin tulun. Ya ce ɗaya ba ta hana shuka. Gaskiyarsa ne, ɗaya ba ta hanawa. Sai dai ɗayar nan sau ashirin yake cin ta a yini, kuma duk wadda ya zare sai ya cusa tsakuwa a gurbinta don kada tulu ya yi sakayau.

Ranar da hadari ya fara leƙowa daga gabas, Inna Tabawa ta fasa lakar don ta ɓare iri. Ta juye tulu a faifai, sai ga tsakuwa zalla. Tunau ya riga ya kare kansa da hannu biyu yana jiran muciya, amma tsohuwa ba ta ɗaga hannu ba. Zama ta yi tana juya tsakuwar da yatsa, ta juya, ta juya. Wannan ya fi duka ciwo, kunya ta kama shi har ƙarshen wutsiya.

"Tunau," in ji ta, "ni na tsufa, ba ni da ƙafar yawon roƙon iri. Ruwan shuka bai fi kwana bakwai ba. In ya sauka babu abin da za mu sa a ƙasa, to baɗi ba ni cikin masu tauna. Kai ka san inda ka kai ta, je ka dawo da ita."

"Haba Inna, kwantar da hankalinki!" Ya buga ƙirji, ƙirjin da bai kai ƙwallon goruba ba. "Ni ne Tunau, barkono ɗan ƙarami mai sa babba hawaye! Tulu na ci, buhu zan kawo."

Yana fita ƙofa ya tsaya cak, don bai san ko gabas zai yi ko yamma ba.

A duk dajin, gida ɗaya ne ke da ɗanyar gyaɗa a wannan lokaci, gidan Bika, gwaggon biri mai rumbu uku. Bika kuwa marowaci ne na ƙin ƙarawa, ko ƙuda ya sauka a kan rumbunsa sai ya duba ƙafafunsa kafin ya bar shi ya tashi. Roƙonsa ɓata yawu ne. Sata kuma ba hanya, don 'ya'yansa a kan rumbunan suke wuni suna cire wa juna ƙwarƙwata. Saboda haka Tunau ya nufi wani tsohon kufai ya hau tono, ko Allah zai sa ya ci karo da abin da ya binne bara ya manta, kun san halin kurege. Ya tona nan, ba komai. Ya tona can, sai kunama, ya ba ta haƙuri. A rami na uku farcensa ya bugi wani abu, ya zaro shi, ya goge da wutsiya. Jan dutse ne, yakutu, girmansa kamar ƙwan kurciya, in rana ta haska shi sai ka ce wuta ce ke ci a cikinsa.

Abin da Tunau ya fara yi shi ne ya gartsa masa cizo. Haƙori ya amsa har ƙwaƙwalwa.

"Tir!" in ji shi. "Ga kyau, ga rashin amfani, kamar wutsiyata." Ya ɗaga hannu zai wurgar, sai ya dakata. Ya zauna yana juya dutsen yana magana da kansa. "In na kai wa Bika wannan yanzu, ƙwacewa zai yi ya haɗa ni da mari. Dutsen da ba shi da labari tsakuwa ne. Amma in ya shiga gidansa da labari mai sa gudawa, Bika da kansa zai roƙe ni in karɓi gyaɗa in raba shi da shi. To, labari kuwa ba a fi ni shi ba."

Da gari ya waye, Tunau ya ajiye dutsen a tsakiyar hanyar da Kura ke bi zuwa ruwa. Ya tsinci wani baƙin tsumman rawani da ƙaya ta fizge wa fatake, ya naɗa a ka, ya ja amawali har saman hanci, ya naɗe wutsiya a ciki kamar ɗamara, ya lulluɓe sauran jikin. Ya samo kara ya dogara. Ya duba kansa a ruwa, ya ga ya yi kama da ƙullin tsumma mai tafiya, ya ce ai ko manyan malamai haka suka fara.

Kura ta tsinci dutse, ta ɗaure da jijiya ta rataya a wuya, tana tafe tana yauƙi. Sai ga ƙullin tsumma ya ɓullo daga bayan geza. Yana ganin wuyanta ya kurma ihu, ya yar da kara, ya faɗi yana shure-shure.

"Kai kuma wane ne?" in ji Kura. "Ko in karya kumallo da kai?"

"Ranki ya daɗe, sunana Malam Na-Hamada, sana'ata wankin duwatsu. Ki ci ni in kina so, ai ya fi mini sauƙi da in tsaya kusa da abin da ke wuyanki. Shekara arba'in ina gudun dutsen nan, yau ga shi ya riga ni zuwa. Wannan ai Garwashin Sarauniya ne!"

Nan take ya ƙirƙiro sunan, kuma da ya ji ya zauna masa a baki sai ya saki jiki. Ya ce wata sarauniya ce a bayan hamada ta sa aka ƙwaƙule shi daga goshin wani tsohon kada mai gadin tafki, kadan kuwa kafin ya cika ya yi wa dutsen baki. Tafkin ya ƙafe a wuni ɗaya. Sarauniya tana cikin shan fura haƙoranta suka zube a ludayi. Wazirin da ya gaji dutsen, raƙuminsa ya zauna a kansa, bai tashi ba sai bayan kwana uku. Bafataken da ya ɗauke shi daga nan, jakunansa arba'in suka juya suna tafiya da baya har suka koma inda aka haife su. Tunau yana faɗa yana ƙarawa, har ya kai ga mai dutse na bakwai, kuma wallahi sai da tsigar jikinsa shi kansa ta tashi.

"Ni ƙashi nake taunawa," in ji Kura, "dutse bai isa ya ba ni tsoro ba." Ta wuce, amma ƙafafunta na baya sun fi kullum lanƙwashewa.

La'ana kuwa ba ta aiki da kanta, sai an taimaka mata. Tunau ya tuɓe rawani, ya riga Kura zuwa kogonta, ya barbaɗe shimfiɗarta da ƙaiƙayin gero. Ya koma hanyar ruwa ya haƙa rami, ya rufe da kirare da ganye. Gumi ya yi ta zuba, yana haƙa yana tsaki. "Dubi wahala," in ji shi. "Da rabin wannan na yi a gonar Inna, da yanzu ni ne sarkin noma." Da rana ta take Kura ta kwanta hutawa, ta tashi tana susa kamar za ta cire fata. Ta ruga ruwa don ta wanke, ta rufta rami da ka.

Da gari ya waye, ga Kura a gaban Malam Na-Hamada, goshi a kumbure, jiki duk tabon susa.

"Malam, ka rufa mini asiri. Zan jefa shi a rijiya."

"Kul! Wazirin nan ma jefarwa ya yi. In kin jefar, komowa yake da ƙannensa. Ba a rabuwa da shi sai an ba wanda ya fi ki ƙarfi, kyauta, ya karɓa da hannunsa. Sannan ki kawo wa mai wanki sadaka, in wanke miki abin da ya bari a jikinki."

"Sadakar me, Malam?"

To, nan ne fa. Abin da Tunau ya shirya faɗa tun jiya shi ne ɗanyar gyaɗa. Amma kwana biyu rabonsa da abinci, ga aikin haƙa, kuma ciki ba ya shawara da kai. Kafin kansa ya ankara bakinsa ya riga ya ce, "Gyaɗa. Soyayya. Mai gishiri, da ɗuminta."

"Ɗanya fa, in ita na samu?" in ji Kura, don ta san suya aiki ce.

Da mai hankali ne da ya ce to, kawo. Amma Tunau ya ga in ya sassauta, malantarsa za ta yi araha. Ya zaro ido ta saman amawali. "Ɗanya? Kina so ki hallaka daji? Ɗanyar gyaɗa tsirowa take, la'anar kuwa tare da ita take tsirowa, ta yi jijiya, ta yi 'ya'ya. Duk gidan da dutsen nan ya kwana, kada a bar ɗanyar ƙwaya ko ɗaya, sai ta ga wuta!"

Ya ji daɗin yadda maganar ta fita, har ya maimaita ta. A ransa ya ce ai Kura ba ta da rumbu, in an zo kan Bika sai a sake doka, tun da littafin a bakinsa yake. Ni ma na sha yin irin wannan lissafi, shi ya sa kuka gan ni a nan ina ba ku tatsuniya maimakon ina kan doki.

Kura ba ta da gyaɗa, saboda haka ta ɗauki fatar barewa ta kai wa uwargidan Bika, aka ba ta cikin ƙoƙo. Kura kuwa ba ta iya riƙe magana ba. Kafin a gama suyar ta zazzage wa uwargida labarin kaf, da kada, da haƙoran sarauniya, da dokar ɗanyar gyaɗa, ta ƙara jakuna ashirin daga aljihunta. Daga nan ta kai wa Damisa dutsen, ta ce kyauta ce, wuyanta ne bai dace da shi ba. Tunau ya karɓi ƙoƙo, ya tofa wa Kura yawu sau uku a goshi, ya ce ta warke. Ya shige bayan suri ya cinye tas, ya lashe gishirin.

"Ni ne Tunau," in ji shi yana shafa ciki, "mai sayar da tsoro a karɓi gyaɗa! Kura ta rusuna mini, ni da ko inuwar kirki ba ni da ita." Can gabas aka yi cida ƙasa-ƙasa, ya yi kamar bai ji ba.

Da gari ya waye, Damisa ta fito da dutse a wuya. Ita Damisa 'yar ƙwalisa ce, ta ji labarin la'ana sarai, amma ta ce ja yana yi wa zanenta kyau, tsohon kadan kuwa ai ya riga ya mutu, a bar masu rai su yi ado. Tana da wani reshen marke da take miƙewa a kai kullum da hantsi. Tunau ya hau tun tana wurin farauta, ya yi ta gurgurar reshen ta ƙasa har muƙamuƙinsa ya ƙage, ya bar ɓawon sama kawai. A ƙarƙashin reshen kuwa sarƙaƙiya ce. Damisa ta dawo, ta hau, ta miƙe, ta yi hamma. Ji kake ƙarrr, rim! Ihun da ta yi sai da tsuntsaye suka bar dajin.

Ba ta jira gobe ba. Tana ɗingishi, ƙaya a ko'ina, ta nemo Malam Na-Hamada da kanta, da ƙwaryar soyayyar gyaɗa a hannu, ita ma daga gidan Bika ta samo ta.

"Malam, an ce sai wanda ya fi ni ƙarfi. In kai wa Zaki?"

Tunau ya yi saurin lissafi. In dutse ya je wurin Zaki, wa zai je ya gurguri reshen Zaki? Ya yi gyaran murya. "A'a, ranki ya daɗe. Ta farko ce ke ba wanda ya fi ta ƙarfi. Ta biyu wanda ya fi ta rumbu take ba. Haka yake a rubuce."

"A ina?"

"A bayan hamada. Da nisa."

Damisa ba ta da ƙarfin gardama. Ta kai wa Bika dutsen da yammacin nan. Bika ya san labarin fiye da kowa, tun da a gidansa ake ta suyar sadaka. Amma an ce masa kyauta, kuma tun da uwarsa ta haife shi hannunsa bai taɓa komawa baya ba in an ce ungo. Ya karɓa, ya ƙulle a hammata, ya shiga gida yana murna yana makyarkyata.

Tunau ya cinye ƙwarya ta biyu ya kwanta rigingine yana tsara gobe. Zai je ya ce wa Bika mai dutse na uku dokarsa daban ce, buhu guda na ɗanyar gyaɗa zai bayar a kai bayan hamada. Har ya ga kansa yana sauke buhu a gaban Inna Tabawa, tana cewa ashe na haifi ɗa. Ya yi niyyar tafiya tun a lokacin, amma ciki ya yi nauyi, ya ce gobe ma rana ce.

Da gari ya waye, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska tana ɗauke da ƙanshin ƙasa. Tunau ya naɗa rawani ya kama hanya da sauri. Tun daga nesa ya hango hayaƙi ya turnuƙe gidan Bika. Sai wani ƙanshi ya daki hancinsa, ƙanshin da a kowace rana ta duniya zai sa shi rawa. Yau kam gudu ya sa shi.

Abin da ya faru shi ne, da asuba ɗan autan Bika ya yi tuntuɓe ya fasa goshi. Tunau ba shi da hannu a ciki, yaro ne ya yi tuntuɓe irin na yara. Amma Bika ya ga abin da ya sami Kura, ya ga na Damisa, kuma an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Bai jira malam ba. Ya sa aka farke rumbu uku, aka kafa kasko goma sha biyu, aka zuba yashi, matansa da 'ya'yansa suka hau suya. Kura da Damisa sun zo jaje, suna zaune a gefe suna ba da shawara. Soyayyar gyaɗa ta yi tsibi ya fi Bika tsawo, shi kuwa yana tsaye a kai yana kuka da majina.

"Malam, sannu da zuwa!" in ji Bika. "Ka ga na bi dokarka. Ban bar ko ɗaya ba."

"Ko ɗaya?" in ji Tunau. Muryarsa ta fito siririya kamar ta sauro.

"Ko ɗaya. Sai 'yar wannan da aka sharo daga gindin rumbu."

Uwargida ce riƙe da ɗan ƙoƙo, ɓararriyar gyaɗa ɗanya ba ta fi cikin tafi biyu ba, ta ɗaga za ta juye a kasko. Duk dajin nan iyakar irin da ya rage ke nan. Tunau ya daka tsalle ya riƙe hannunta.

"Tsaya! Ta ƙarshe ba a soya ta. Ni ake ba, in kai ta nesa in binne."

"Binnewa?" in ji Kura. "Malam, ba kai ka ce in ta tsiro la'anar ta tsiro ba? Ga ruwa zai sauka."

"Na ce binnewa? Tsufa ne. A cikina zan binne ta, la'anar ta mutu a can. Mu masu wanki cikinmu a dafe yake."

"To, bismilla," in ji Damisa, tana lasar wani gurbin ƙaya a ƙafarta. "Ci a nan mu gani."

Babu yadda zai yi. Ya juya baya, ya ɗaga amawali kaɗan, ya dinga cusa gyaɗa a kumatu, dama da hagu, ba ya taunawa. Kun san kumatun kurege jaka ne. Ya cusa har fuskarsa ta yi faɗin faifai, ya mai da amawali, ya juyo. A ransa yana cewa wannan ma ta isa tabarma uku in an yi tazara. Saura kawai ya yi sallama da hannu ya kama hanya. Ya ɗaga hannu, ya taka ɗaya, ya taka biyu.

"Malam, ina zuwa?" in ji Bika. Ya zaro dutsen daga hammata. "Ai ba ka wanke ni ba. Kura ta ce sau uku ake tofawa a goshi, da addu'a. Rumbu uku na ƙona, ba za ka tafi da yawuna ba."

Ya durƙusa, ya miƙo goshi. Tunau ya dubi goshin, ya dubi hanya. In ya tofa, gyaɗa ce za ta fito. In ya yi addu'a, haka. Ya gwada yi da hanci, "Mmm, mmm, hmmm," yana kaɗa kara.

"Wayyo, ta shaƙe shi!" in ji Kura. "La'anar ce ta tsaya masa a wuya. Bari in taimaki Malam, ya taimake ni."

Ta ɗaga hannun nan nata ta ɗirka masa a gadon baya. Jama'a, taimakon Kura ba abin roƙo ba ne. Gyaɗa ta fito kamar an harba ta, ta zarce cikin kasko mai zafi, yashi ya haɗiye ta. Rawani ya yi gabas, amawali ya yi yamma, wutsiyar da aka naɗe kwana huɗu ta warware, ta miƙe tsaye ɓuzu-ɓuzu a gaban kowa.

Bika ya dubi wutsiya, ya dubi tsibin soyayyar gyaɗa, ya dubi rumbunansa uku a farke.

"Wannan ba ɗan Tabawa ba ne?" in ji uwargida.

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba, akwai yara a nan. Uwargida ta fara da ludayin suya. Damisa ta ɗauke shi da mari ɗaya ta miƙa wa Kura, Kura ta mayar. Ya zille ta tsakanin ƙafafun Bika, ya taka yashi mai zafi, ya yi ƙara ba tare da ya buɗe baki ba. Bika ya ɗaga Garwashin Sarauniya ya auna, kuma shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya jefi wani da abu mai daraja. Dutse ya sami Tunau a ƙeya, ƙwal, ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, ba wanda ya bi ta kan dutsen. Tunau ya ga taurari da rana tsaka, amma ƙafa ba ta tsaya ba.

Me ya sa bai buɗe baki ba duk dukan nan? Yana gudu yana lalube da harshe, can ƙuryar kumatun hagu ya ji ta. Ƙwaya ɗaya ta maƙale, ɗanya, lafiyayya. Ya dafe ta da harshe. Ƙwaya ɗaya in ta sami ƙasa takan ba da talatin, talatin kuwa iri ne. Sai ga ɗigon ruwa a hancinsa, sai na biyu, sai sama ta ɓalle. Bayansa Bika da 'ya'yansa da Kura da Damisa, gabansa tsamiyar gidansu.

Ya hango Inna Tabawa a gona. Tsohuwar ta yarda da maganar buhu, ko kuma ba ta da abin yarda sai ita. Ta ɗauki sungumi tun da hantsi ta sare gonar kaf, rami-rami a jere, ga ta tsaye cikin ruwa da ƙoƙon shuka wayam a hannu, tana duban hanya. Tausayinta ya kama shi ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Abin da ya rage masa kaɗan ne, ya bi ta gefen gona, ya tofa ƙwayar a rami ɗaya, ya take da ƙafa, ya wuce. Ko bebe zai iya.

Amma Tunau ne. Ya ga ba zai yiwu ya kawo iri daga bakin Damisa da Kura a yi shiru ba. Ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki iya buɗewa.

"Inna! Ni ne Tunau, barkono ɗan..."

Ƙwas. Ƙwayar ta gangaro tsakanin haƙora daidai lokacin da suka haɗu. Haƙoran kurege kuwa in sun ji gyaɗa ba sa jiran izini. Kafin ya kai bakin gona ya tauna, ya haɗiye, kuma abin takaicin, ta yi masa daɗi.

"Ina irin?" in ji Inna Tabawa, ta miƙo ƙoƙo.

Bai tsaya ba, don numfashin Kura yana kan wutsiyarsa. Ya tsallake ramukan ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana cika su, ƙeya a kumbure, ƙafa a ƙone, ya waiwayo yana ihu.

"Inna, ba laifina ba ne! La'ana ce! Wani dutse ne daga bayan hamada, sarauniya ma bai bar ta ba, balle ni!"

Tsohuwa ta bi shi da kallo, shi da rundunar da ke bayansa, har suka sha kwanar suri. Ta kife ƙoƙon a kanta saboda ruwa.

"La'anar nan ni na haife ta," in ji ta. "Ni na raɗa mata suna."

Shi kuwa ana jiyo muryarsa can cikin ruwa, tana nisa tana ƙanƙancewa, yana cewa a ajiye masa ramukan, yana da wata dabara.

Ƙurunƙus, kan ƙwaron gyaɗa. In akwai ƙarya a ciki ba ni na fara ta ba, a hanya na tsince ta, kuma ban cije ta ba.